A Ɗauki Hoton Tungan Maje Tun Katafila Ba Ta Iso Ba



Sharhinmu na yau a kan hoton titi ne, wato hoton rayuwar yau da kullum kamar yadda take gudana a waje: mai shayi yana fifita wuta da asuba, 'yan garuwa sun yi layi a bakin burtsatse, tela ya fito da kekensa ƙofar shago saboda zafi, 'yan makarantar allo suna wankin alluna a bakin kwata. Irin hoton da ba a yi masa kwalliya, ba a kuma ce wa kowa ya gyara tsayuwa. Zan ɗora maganar a kan gari guda, Tungan Maje, a ƙaramar hukumar Gwagwalada ta Babban Birnin Tarayya.

Duk wanda ya taso daga Kaduna ya nufi Lokoja ya ratsa Tungan Maje, ko ya lura ko bai lura ba. Da ka bar Zuba, kafin ka kai mahaɗar Giri, ga garin nan a bakin hanya. Daga cikin mota abin da ido yake kamawa shi ne gidajen mai, tireloli a fake, masu tallar doya da ayaba, da 'yan acaɓa suna jiran fasinja. Sai ka sauka ka shiga lungu za ka tarar da wani garin daban. Akwai sauran gidajen jar ƙasa da aka yi wa hular kwano, akwai rumbuna a bayan gida, akwai inuwar mangwaro inda dattawa suke majalisa bayan la'asar. Za ka ga mace ta ɗauko itace ko ƙwarya a kafaɗa, irin ɗaukar kayan da aka san matan Gbagyi da ita, waɗanda mu Hausawa muka fi kira Gwari. Kusa da wannan duka, ga sabon bulo yana tashi, ga dogon gini na 'yan haya, ɗaki-ɗaki, domin ma'aikatan da tsadar haya ta koro daga cikin birni. Garuruwa biyu ne suke zaune a fili ɗaya, kuma kowa ya san wanda zai cinye wani.

Abin da ya dame ni shi ne babu wanda ya ɗauki nauyin adana kamannin tsohon garin kafin ya tafi. Ina da dalilin damuwa, domin wannan ƙasa ta Abuja ta sha ganin irin haka.

A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya da doka mai lamba 6, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Kwana goma bayan haka aka kashe Murtala. A lokacin an yi ta magana kamar wurin daji ne da babu kowa, alhali akwai ɗaruruwan ƙauyuka na Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana, da Hausawa da Fulani da suka daɗe a tsakaninsu. Niyyar farko ita ce a kwashe kowa a fitar da shi daga yankin. Da aka yi lissafi aka ga kuɗin ya fi ƙarfin gwamnati, sai aka koma tayar da waɗanda aikin gini ya iso kansu, sauran su jira. Haka aka tayar da mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a jihar Neja. Haka aka kai waɗansu ƙauyukan Kubwa, aka ware wa waɗansu Apo. Madatsar ruwa ta Usuma ita ma ta tashi nata ƙauyukan. Da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamban 1991, sunayen Wuse da Maitama da Asokoro sun zama sunayen unguwannin manya.

To ina hoton Wuse ta asali? Ina hoton kasuwarta, da gidan sarkinta, da rafin da mata suke ɗibar ruwa? Na sha yi wa dattawan da aka tayar wannan tambaya. Amsar kusan iri ɗaya ce. Mutum zai nuna maka da baki: a nan gidanmu yake, inda bankin nan yake yanzu, can kuma maƙabartarmu ce. Idan ka ce ya nuna maka a takarda, sai ya ɗauko ɗan hoton fasfo na katin haraji ko na aikin hajji. Fuskarsa ta tsira, gidan da ya haife shi bai tsira ba. Hotunan farkon Abuja da aka fi yaɗawa na injiniyoyi ne sanye da hular kwano, da na shugabanni suna aza harsashi, da na taswirar da kamfanin International Planning Associates ya miƙa a 1979. An ɗauki hoton abin da ke zuwa da kyau. Wanda ake kawarwa kuwa ba a ɗauke shi abin kallo ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Tsakanin 2003 da 2007, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, an yi rusau mai yawa da sunan dawo da birnin kan tsarinsa na asali. Idu da Karmo da Chika da Aleita da sassan Kubwa duk sun ga katafila. Wani rahoto da ƙungiyoyin kare haƙƙin muhalli biyu, COHRE da SERAC, suka fitar a 2008 ya ƙiyasta cewa mutanen da aka raba da matsugunansu a waɗannan shekaru sun kai dubu 800. A zamanin minista Nyesom Wike ma an rushe unguwar Ruga a 2024, aka taɓa Gishiri a 2025 saboda aikin hanya. Ba yau ce ranar shari'ar wane ne mai gaskiya a waɗannan rushe-rushe ba, kowane ɓangare yana da hujjarsa. Abin da nake so mai sauraro ya lura da shi shi ne lokacin da kyamara take zuwa. Tana zuwa ne ranar rusau. Hoton Karmo da duniya ta sani shi ne na tarin kwano da katifa a bakin hanya, da mace ta ɗora hannu a ka. Karmo ta yi shekaru tana raye kafin wannan rana, da masallatanta da cocinta da gidajen kallon ƙwallo da masu tuyar ƙosai. Yaron da aka haifa a can, yau ya zama magidanci, idan ɗansa ya ce Baba nuna mini unguwarku, ɓaraguzai kawai zai nuna masa.

Da yawa daga cikin waɗanda aka tayar a wancan lokaci ba su yi nisa da Abuja ba. Sun matsa ne gefe, zuwa Mararraba da Suleja da Zuba da Gwagwalada, da garuruwa irin su Tungan Maje da Anagada. Wannan ne ya sa ƙauyen jiya ya cika ya batse. Gonar doya ta zama fuloti, fuloti ya zama gidan haya. Ga kuma rikicin fili da rundunar soja, wanda ya sa mutanen Tungan Maje suka fito zanga-zanga a shekarun baya, har suka kai kukansu Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Garin da yake tsakanin dillalan fili da hukumar raya birni da barikin soja, ba ya bukatar boka ya gaya masa cewa kamanninsa za su sauya. Ba ma sai katafilar hukuma ta zo ba. Magada da kansu suna rushe zauren kakansu su yi shaguna, kuma ba na ganin laifinsu, kuɗin makarantar yara ba ya jira.

Wannan yanki kuma ba baƙon tarihi ba ne. Zuba, maƙwabciyar Tungan Maje, nan ne Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya sauka a farkon ƙarni na 19 bayan mayaƙan jihadi sun fitar da shi daga Zariya. Ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja bayan ya bar wa sabon birni sunansa. Mun san wannan dalla-dalla saboda mutum biyu 'yan garin, Malam Hassan Dallatun Abuja da Malam Shu'aibu Na'ibi, sun zauna sun rubuta tarihin ƙasarsu da al'adunta da Hausa, aka kuma buga fassararsa ta Turanci a 1952. Ba su jira baƙo ya zo ya rubuta musu ba. Abin da suka yi da alƙalami shi nake roƙon matasan yau su yi da kyamara.

Ku duba Ladi Kwali. Kowa ya san fuskarta, tana bayan takardar naira 20, ta sunkuya a kan tukunya. Mun san ta ne saboda a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, daga nan masu hoto suka yi ta binta har ƙasashen waje. Amma Ladi Kwali ba daga sama ta faɗo ba. A wurin 'yar'uwar iyayenta ta koyi sana'ar, a ƙasar da kusan kowane ƙauye yake da mata magina. Waɗannan matan, da wuraren da suke haƙo yumɓu, da yadda suke gasa tukwane a fili da itace da ciyawa, su ne ba mu da hotonsu sai ɗan abin da ba a rasa ba. Dutsen Zuma yana kan tsohuwar takardar naira 100, an ɗauke shi ta kowace kusurwa. Shi kuwa dutse babu inda za shi. Gidajen da ke gindinsa ne suke tafiya.

Waɗansu ƙasashe sun gane wannan tun da wuri. Lokacin da jami'in gwamnati Haussmann yake rushe tsofaffin lungunan birnin Faris a tsakiyar ƙarni na 19 domin ya shimfiɗa manyan tituna, hukumar birnin da kanta ta ɗauki wani mai hoto, Charles Marville, ta ce ya bi lungunan da za a rushe ya ɗauke su tukuna. Ya bar hotuna sama da 400 na waɗannan tituna. A Glasgow ta Birtaniya ma hukumar gyaran birni ta sa Thomas Annan ya yi irin wannan aiki daga 1868. Su ma rusau suka yi, kuma talaka ne ya sha wuya. Sai dai mai rusawar ya yarda cewa abin da zai rushe ya isa a tuna da shi. Daga baya Eugène Atget ya shafe kusan shekara talatin yana zagaya Faris da ƙatuwar kyamararsa ta katako, yana ɗaukar ƙofofi da shaguna da masu talla, har ya rasu a 1927 ba tare da ya yi suna ba. Yau dubban hotunansa suna manyan gidajen tarihi. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, unguwar District Six da gwamnatin wariyar launin fata ta ware wa Turawa zalla a 1966, ta kori mutum fiye da dubu 60, an buɗe mata gidan tarihi a 1994. Babban jarin wannan gida shi ne hotunan da iyalai suka fito da su daga akwatunansu.

Kada wani ya ce wannan sana'ar Turawa ce. A Bamako, Seydou Keïta da Malick Sidibé sun ɗauki mutanen garinsu, samari da 'yan mata da magidanta, har Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta baje-kolin fasaha na Venice a 2007. A Yamai, Philippe Koudjina ya bar mana kamannin birnin a shekarun bayan samun 'yancin kai. A nan gida, J. D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hoton kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu, saboda ya lura cewa salon kitso yana ɓacewa. Akinbode Akinbiyi ya yi shekaru yana taka titunan Legas da ƙafa yana ɗaukar abin da kowa yake wucewa bai kalla ba. Wadda ta fi kusa da mu ita ce Fati Abubakar ta Maiduguri. A 2015, lokacin da duniya ba ta san komai game da Barno ba sai bam da gawa, ta fara sa hotunan 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu zuwa biki a shafinta na Bits of Borno. Ma'aikaciyar jinya ce ta koyi hoto, 'yar gari ce, shi ya sa mutane suka saki jiki da ita.

Wannan batu na 'yar gari shi ne zuciyar maganata. Baƙo da ya shigo Tungan Maje da doguwar kyamara zai ɗauki abin da ya ba shi mamaki: kwata, bola, yaro ba riga. Ɗan gari ya san abin da yake da daraja. Ya san wace bishiya ce ake ɗaura aure a ƙarƙashinta, wane zaure ne aka fara karatun allo a cikinsa, wace tsohuwa ce ta karɓi haihuwar rabin unguwa. Kuma yau babu uzurin kayan aiki. Wayar da ke aljihun ɗan acaɓa ta fi kyamarar Atget sauƙin aiki nesa ba kusa ba. Muna da kyamarori fiye da kowane zamani, amma ku buɗe wayar kowane matashi ku duba: fuskarsa ce, da abincin da ya ci, da motar da ya jingina da ita. Bayan gidansu, inda kakarsa take daka, babu ko ɗaya, don yana jin kunyar bangon ƙasa. Wannan kunya ce nake so mu yaƙa. Shekara ashirin masu zuwa, wannan bangon shi zai fi nema.

Na san akwai masu cewa: Malam, mu ruwan famfo muke so da kwalta da asibiti, kai kana zancen hoto. Gaskiyarsu. Ba na cikin masu son talaka ya dawwama a ɗakin da yake yoyo domin mai kyamara ya sami abin sha'awa. A yi kwalta, a ja ruwa, wanda ya sami hali ya yi bulo. Ɗaukar hoto ba ya hana ko ɗaya. Hasali ma yana da amfanin da ya wuce tuna baya. Ranar da jami'an ƙidayar diyya suka zo, ana lissafa ɗakuna ne da itatuwan amfani, mangwaro da kashu da ɗorawa. Iyalin da suke da hoton gidansu da gonarsu mai ɗauke da kwanan wata sun fi wanda zai ce wallahi a nan yake ƙarfin hujja. Al'ummar da za ta iya nuna maƙabartarta da kasuwarta da makarantarta a hoto shekara bayan shekara, da wuya a ce mata jiya ta zo.

Sai dai aikin yana da ladabi, kuma wanda ya tsallake ladabin zai ɓata wa na bayansa. Mutanen wannan yanki sun ga tashin hankali. A 2020 'yan bindiga sun shiga Tungan Maje sun sace mutane, kuma garuruwan da ke kewaye sun sha irin wannan. Saboda haka wanda aka gani yana ɗaukar hoton ƙofar gidan mutane ba sallama, za a ɗauke shi ɗan leƙen asirin ɓarayi ko ɗan aiken masu rusau, kuma ba za a ce mutane sun yi rashin hankali ba. A fara da mai unguwa. A gaya masa abin da ake nufi, ya haɗa ka da wanda zai raka ka. A nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi, idan ya ce a'a, a'a ɗin ta zauna. Kada a leƙa cikin gida inda mata suke sai da yardar masu gida, kuma ya fi kyau mata su ɗauki mata, don akwai rabin rayuwar gari da namiji ba zai taɓa gani ba. Akwai dattawan da ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini. Malamai sun yi saɓani a kan mas'alar, ba kuma aikin mai kyamara ba ne ya yanke hukunci a bakin titi. A girmama su, a ɗauki zauren da rumbun da bishiyar. A nisanci shingen jami'an tsaro da barikoki. Kada a sa hoton yaron wani a intanet don neman yabo. Idan kuma an wanke hoto, a koma a ba mai shi nasa. Wannan ɗan abu yana buɗe ƙofofi da yawa.

Sannan a rubuta. Hoton da ba suna ba kwanan wata rabin aiki ne. A rubuta sunan unguwa, da ranar da aka ɗauka, da abin da ake yi a ciki, da sunan mai sana'ar idan ya yarda. A kuma wanke waɗansu a takarda. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, shafin Facebook yana rufewa, amma hoton da kakanninmu suka ɗauka a situdiyo yana nan a ƙasan akwati. Tun da na ambaci situdiyo, bari in yi kira ga tsofaffin masu hoto na Suleja da Zuba da Gwagwalada, waɗanda suka yi zamanin fim da ɗakin duhu: don Allah kada ku ƙona tsofaffin fina-finan hotonku, kada 'ya'yanku su zubar da su ranar gyaran shago. A bayan kowane ango da amarya da kuka ɗauka a waje akwai titi da gini da bishiya da wataƙila yau babu su.

Hukumomi ma suna da rabonsu. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, tana nan a ƙasar Gwagwalada, tana da ɗaliban tarihi da na aikin jarida da suke neman abin bincike kowace shekara. Me zai hana a raba musu garuruwan da ke bakin wannan hanya, kowane rukuni ya ɗauki gari guda, a ajiye sakamakon a ɗakin karatu? Cibiyar al'adu ta Cyprian Ekwensi da ke Garki tana da zauren baje-koli. Gidan Arewa da ke Kaduna ya san aikin adana takardu. Ita kuwa Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, abin da nake nema gare ta ƙarami ne: ta mai da shi ƙa'ida cewa kafin a shafa jan fenti a bangon kowace unguwa, sai an tura mai hoto ya bi ta lungu-lungu, an ajiye kwafi a taskar gwamnati, an ba sarkin garin kwafi. Kuɗin wannan bai kai na man da katafila take sha a yini biyu ba.

Ku kuma matasan Tungan Maje da Anagada da Zuba da Giri, kada ku jira hukuma. Ranar kasuwa mai zuwa, ku fita da wayoyinku. Ku fara da gidan da ya fi kowane tsufa a unguwarku, ku gaishe da mai gidan, ku nemi izini, ku ɗauka, ku tambaye shi wa ya gina shi da kuma yaushe, ku rubuta. Ku haɗa abin da kuka samu wuri ɗaya, ku kai wa mai unguwa kwafi.